Ɗaliban jinya: kwas ɗin tunkarar bala'i na intanet yana da amfani kuwa, ko ɓarnar data ce?

Yar_Mabera:

Salamu alaikum yan uwa. Ni ɗalibar nas ce aji biyu nan cikin Sakkwato. Malaminmu ya ce kowa ya shiga intanet ya nemi kwas na kyauta kan yadda ma'aikacin lafiya ke tunkarar bala'i, irin su ambaliya da annoba da hatsarin da ke rutsawa da jama'a da yawa, ya kawo mishi satifiket kafin ƙarshen zango, maki goma ne wai. To na shiga na fara, bidiyon farko girgizar ƙasa, na biyu mahaukaciyar guguwar teku, ga mutane da hular kwano da jirgi mai saukar ungulu yana ta shawagi, ni kuma ina zaune a hostel ba wuta, data ta ta sati ta ƙare a kwana biyu wallahi. Yan ajinmu da yawa danna gaba kawai suke har su kai ƙarshe, wani ya turo amsoshin a group kowa ya kwafa ya fidda satifiket. Ni zuciyata ba ta kwanta da haka ba amma kuma ban ga inda abin zai amfane ni a nan ba. Manyanmu da ke aiki don Allah ku faɗa min gaskiya, in dage in yi shi tsakani da Allah ko in bi yarima in sha kiɗa?

Baban Khairat:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Girgizar ƙasa dai ba mu da ita Alhamdulillah, amma wa yac ce miki ba mu da bala'i? Ina ga ke ƙarama ta a 2010 sadda ruwa yaz zo daga wajen madatsar Goronyo, gulbin Rima ya cika ya batse, gadar hanyar jami'ar Danfodiyo tak karye, mutane sunka koma shiga kwalekwale wajen Kwalkwalawa. Ni lokacin ban daɗe da hita makaranta ba, anka tura mu wata firamare inda anka tara mutanen ƙauyukan da ruwa yac cinye. Abin da nag gani shi na, ruwan da kanshi bai kashe mutane awa abin da yab biyo bayanshi ba. Rijiyoyi sun haɗe da masai, sati bai zagayo ba amai da gudawa sunka hwara, ga sauro, ga macizai da ruwa yak koro.

Ranar da ba ni mantawa, an kawo muna garin kulorin na kashe ƙwayoyin cuta cikin bokiti, mu huɗu muna tsaye babu wanda yas san yadda ake haɗi. Kowa na kallon kowa. Sai da wani ma'aikacin agaji yaz zo yad ɗauki gawayi yar rubuta muna ga bangon aji: kashi 2 cikin ɗari don kashi da amai da gawa, 0.2 don ƙasa da gadaje, 0.05 don wankin hannu. Layi ukku kacal. Yau wanga abu na cikin kwasa-kwasan kwalara na WHO, Hukumar Lahiya ta Duniya, kyauta, yaro na iya koyonshi kwance bisa katihwa tai, mu ba mu samu haka ba.

Matsalarki ba intanet ta ba, kin shiga kwas ɗin da ba naki ba na. Bar guguwar teku ga masu teku. Nemi na kwalara, na sanƙarau, na kariya daga kamuwa da cuta cikin asibiti, da na tantance masu rauni in sun yi yawa. Sanƙarau na 2017 nan da Zamfara yaf fi yin ɓarna, kuma duk bazara in zahi ya haura digiri 40 muna cikin fargaba tai. Ga hatsarin kwalekwale da ba ya ƙarewa wajen Goronyo da Shagari. Wannan duk naki na.

Hajiya Sista (mai ritaya):

Ɗiyata Allah ya yi miki albarka da kika tambaya ba ki kwafa ba. Baban Khairat ya yi gaskiya amma bari in ɗan taka mishi burki, don ku yaran yanzu kun ɗauka duk abin da kunka kalla ga waya kun iya shi. Shekara talatin da wani abu na yi ina aiki, sanƙarau na 1996 a hannunmu ya faɗo, mutane kwance har ƙarƙashin itace. Waya ba ta koya miki neman jijiya ga mai kwalara da ruwan jikinshi ya ƙare, ido ya faɗa, fata kin ja ta ta tsaya ba ta koma ba, jijiyar ta ɓace, uwar na riƙe da zanenki tana kuka, fitilar kuma ta hannu ce wani ke haska miki. Wannan sai hannu ya saba.

Na taɓa ganin wata yarinya mai ƙoƙari sosai, ta haddace launukan tantancewa tsaf, waɗanda ake ba masu rauni don a san wa za a fara dubawa, ja da rawaya da kore da baƙi. Ranar da mota ta kife aka kawo mana mutane kusan ashirin lokaci ɗaya, ina ta nufa? Wajen wani saurayi mai ihu da karayar hannu, ta bar wani dattijo can gefe shiru yana numfashi sama-sama. Mai ihu ai yana da numfashin yin ihun. Ba jahilci ba ne, ba ta taɓa gwadawa da mutane a gabanta ba ne kawai.

Don haka ki yi kwas ɗin, amma ku haɗu ku goma sha, ranar Asabar ku sami fili, wasu su kwanta su zama masu rauni, a rubuta wa kowa ciwonshi ga takarda a manna mishi, ke kuma a ba ki ƙasa da minti ɗaya kan kowane mutum. Za ki sha mamakin yadda kanki zai ɗaure.

Abba_Tambuwal:

Hajiya a gafarce ni, ni ɗan aji uku ne, ina tare da ke ɗari bisa ɗari kan gwaji, amma a ƙara wa wayar nan maki kaɗan mana. Mu a ajinmu bidiyon ne ma ya sa muka fara gwajin, don babu wanda ya taɓa ce mana mu yi. Kuma tsarin ba shi da wuya in an maimaita: duk mai iya tafiya da ƙafarsa kore ne a ware shi gefe, wanda aka buɗe wa hanyar numfashi kuma bai numfasa ba baƙi, wanda numfashinsa ya wuce 30 a minti ko an danna farcensa jini bai dawo ba cikin sakan 2 ko ba ya bin umarni kamar a ce matse hannuna, wannan ja ne, shi ake fara dubawa, sauran rawaya. Na manya ke nan, yara nasu ya ɗan bambanta.

Yar_Mabera maganar data kuma, ba sai kowa ya ƙona tasa ba. Mu karo-karo muke, mutum ɗaya ya sayi data ta dare mai arha ya sauke PDF ɗin da duk abin da ke saukuwa, da safe a raba ta Xender. Ki rage ingancin bidiyo zuwa mafi ƙasa, magana kike so ba kyan hoto ba. Kuma duk abin da kika san za ki buƙata ranar tashin hankali kar ki bar shi a intanet, ki ɗauki hotonsa ki ajiye a waya ki kuma kwafa a ƙaramin littafi na aljihu, don ranar da ruwa ya zo sabis ne da wuta ke fara ɗaukewa. Ki tuna Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, har asibitin koyarwa ruwa ya shiga, wa ke da lokacin neman netwok a wannan rana.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, sanin bala'i ya haɗa da sanin ƙarya. Lokacin Ebola a 2014 saƙo ne kawai ya zagaya waya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane suka tashi suna ta yi har wasu suka rasa rai. Ke da kike nas ke za a kira daga gida a ce wai gaskiya ne? To ki saba duba shafin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, lambarsu ta kyauta 6232, ta gaggawa kuma 112. Hasashen damina na hukumar yanayi ta ƙasa NiMet da na ambaliya da hukumar nazarin ruwa ta ƙasa NIHSA ke fitarwa duk shekara suna ambaton jihohi har da ƙananan hukumomi, ki duba ko taku na ciki.

Yar_Mabera:

Kai na gode ƙwarai wallahi, jikina ya yi sanyi da labarin dattijon nan Hajiya. Na bar na guguwar na koma na kwalara jiya da dare, har na rubuta haɗin ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa a bayan littafina, lita ɗaya na ruwa mai tsabta, sukari cokali shida, gishiri rabin cokali. Na yi tunanin ma in yi shi da murya da Hausa in tura group ɗin matan unguwarmu tunda yawanci ba karatu suke ba, saurare suke.

Hajiya Sista (mai ritaya):

Ki tura, amma ki ce ƙaramin cokali na shayi, kuma a shafe bakinshi kar a yi tozo, in ba haka ba wata da cokalin cin shinkafa za ta auna ta ɗura wa yaro gishiri. Ki ce musu in akwai na leda da ake saidawa a kemis ya fi, wannan na gida sai in babu. Litar ma ki nuna musu da abin da suka sani, ledar fiya wata biyu in mai rabin lita ce. Kuma in yaro ya kasa sha ko ya yi laushi a taho asibiti kar a tsaya haɗi.

Abba in kun sa ranar gwajin naku ku faɗa min a nan, in lafiya ta bari zan zo in zama mai rauni, ni ce zan kwanta shiru can gefe in ga wa zai lura da ni. Sai dai ku yi shi da sassafe ko bayan la'asar, kuma ku tanadar min tabarma.