Neman shawara: tsallen firikwensi ya rage katsalandan, amma ya ɓata min lissafin gudu

Ɗalibin digiri na biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka, kaina ya ɗaure. Aikina na kammala karatu a kan katsalandan ne tsakanin na'urorin rada na motoci, masu aiki a zangon 76 zuwa 81 GHz. Da farko wani batu daban na so, malamina ya ce an cika yin sa, sai da muka daɗe muna kai-komo kafin ya amince da wannan, yanzu kuma ya yi tafiya, saƙo ma sai ya ga dama yake amsawa, ga lokacin kare aiki ya matso. Allunan rada biyu gare ni, irin FMCW, wato rada mai aika siginar da firikwensinta (yawan kaɗawarta a daƙiƙa) yake hawa a hankali, ya dawo ya sake hawa, ina sa su suna kallon juna. Da na kunna na biyun sai hayaniya ta rufe hoton na farko, ƙananan abubuwa su ɓace. Sai na raba 4 GHz daga cikin zangon gida huɗu, kowanne 1 GHz, na sa allon yana tsalle tsakaninsu ba tsari. Hayaniyar ta ragu sosai, alhamdu lillahi. Amma yanzu gudun abu ya daina fitowa daidai, wurin da ya kamata in ga ɗigo ɗaya sai in ga dogon shafe. Me ya jawo haka?

Injiniyan sigina: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka faɗi abu mafi muhimmanci ba: a kowane hawan firikwensi kake tsallen, ko sai firem, wato jerin hawan da rada take auna gudu da shi, ya ƙare? Na san amsar, a kowane hawa ne. Rada tana gane gudu ne daga yadda fes ɗin amsa-kuwwa, wato matsayin siginar da ta dawo a cikin zagayen kaɗawarta, yake sauyawa daga hawa zuwa hawa, kuma lissafin ya dogara da cewa duk daga firikwensi ɗaya suka tashi. Tsallen 1 GHz kaɗai yana juya fes zagaye cikakke a kowane santimita 15 na nisa. Kai ka zuba wa FFT ta biyu, wato lissafin da yake fitar da gudu, juyin da ba gudu ne ya kawo shi ba, dole ta ba ka shafe. Ni dai shawarata ka ajiye tsallen nan. Idan hawan wata rada ya gitta naka, 'yan samfura kaɗan yake ɓatawa. Ka gano su, ka share, ka cike gurbin da kiyasi, shi ke nan.

Ɗalibin digiri na biyu: Na gode Injiniya. E, a kowane hawa ne, kuma da gangan na yi. Idan na jira firem ya ƙare, aka yi rashin sa'a muka faɗa gida ɗaya, duk firem ɗin ya tafi. Kuma ba zan iya ajiye tsallen ba, shi ne taken aikin da aka amince da shi.

Direban doguwar hanya: Ni ban san lissafinku ba, amma abin nan yana damuna. Motata ta taɓa taka birki da kanta a kan babbar hanya, babu komai a gabana, na baya ya kusa hawa kaina. Na kai ta an duba, aka ce lafiyarta lau. Ko wannan katsalandan ɗin ne?

Injiniyan sigina: Yana iya zama, amma ba lallai ba, Malam. Allon ƙarfe ko gada ma suna ruɗa rada. Motar bogi, wato wadda rada take gani alhali babu ita, tana fitowa ne idan hawan radar biyu ya zo da gangare iri ɗaya kuma kusan lokaci ɗaya, wannan kuwa ba kasafai ba. Abin da ya fi yawa shi ne hayaniya, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Siginar motar da ke tahowa tafiya ɗaya take yi zuwa wurinka, taka kuwa sai ta je ta dawo. Idan nisa ya ninka, ta motar ta ragu sau 4, taka ta ragu sau 16. Shi ya sa mai tafiya a ƙasa yake nutsewa cikin hayaniyar motar da ke can nesa.

Malama mai koyar da sadarwa: Injiniya, ban yarda a ce ya watsar ba. Sharewa tana aiki idan mai katsalandan ɗaya ne ko biyu. A cunkoso fa, inda mota ɗaya ke ɗauke da rada har a kusurwoyinta, idan ka share nan ka share can me zai rage? Ɗalibi, ka saurara kafin ka yi tsalle. Ka duba gidan da kake, in akwai kutse ka matsa a firem na gaba, in babu ka zauna. Wasu jemagu haka suke yi, suna gusar da muryarsu idan ta yi karo da ta ɗan uwa, kuma an gwada dabarar a radar mota.

Injiniyan sigina: Malama, idan duk sun ji kutse suka gudu gida ɗaya fa? Ki lissafa: gida huɗu, rada goma a gabansa suna zaɓe ba tsari, damar ya sami gidansa babu kowa ba ta kai kashi 6 cikin ɗari ba. Kuma ya sayar da kaifin gani, 4 GHz tana rarrabe abubuwa biyu da ke tsakanin kusan santimita 4, 1 GHz sai 15. Tun aikin MOSARIM, binciken Tarayyar Turai kan katsalandan ɗin radar mota, wajen 2010 zuwa 2012, ake wannan magana, har yau kowane kamfani nasa yake yi.

Malama mai koyar da sadarwa: Lissafinka ya ɗauka kowace rada tana watsawa ba hutu, alhali tana yin shiru tsakanin firem da firem.

Tsohon ɗalibi: Allah ya ba ka haƙuri ɗan uwa. Nawa malamin sai da na gama komai ya ce in sake babi uku. Ka rubuta duk abin da kuka yi da shi, ka ajiye.

Ɗalibin digiri na biyu: Amin. Malama, sauraro kafin tsalle yana buƙatar in sake tsarin allon gaba ɗaya, lokacin ba zai isa ba. Tunda ni na san jerin tsallen, ba zan iya cire juyin fes ɗin da lissafi ba kafin FFT ta biyu?

Injiniyan sigina: A takarda za ka iya. Amma gyaran ya dogara da nisan kowane abu, kuskuren 'yan santimita ya isa ya dawo maka da shafen. Ka kuma duba ko PLL ɗinka, ɓangaren da yake saita firikwensi, tana gama daidaituwa bayan kowane tsalle. Ka ƙanƙanta tsallen, ko ka riƙa ɗan gusar da lokacin fara hawa.

Ɗalibin digiri na biyu: Idan na ƙanƙanta shi ai mun koma cikin zangon juna. Zan gwada gyaran fes ɗin tukuna. Akwai wanda ya taɓa yin sa a kan allo na gaske, ba a kwamfuta kaɗai ba?

Direban doguwar hanya: To ni motar tawa fa, in kashe na'urar ko in bar ta?