Daren da Amurka ta yi ta harbin sama a 1942

Wasu na cewa jirgin baƙi daga wata duniya ne sojojin Amurka suka yi ta harbi a samaniyar Los Angeles lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fara duba halin tsoron da ake ciki a lokacin kafin a gaskata wannan labari. Daren 24 ga Fabrairun 1942 zuwa asuba, sojoji sun harba harsasai fiye da 1,400 a samaniyar Los Angeles, kwana guda bayan jirgin Japan mai nutso ya kai hari kusa da Santa Barbara. Sakataren sojan ruwa, Frank Knox, ya ce firgici ne kawai. A 1983 sojan sama suka ɗora abin kan balan-balan ɗin auna yanayi.

An kuma ja kunne kan shahararren hoton wannan daren da jaridar Los Angeles Times ta buga, domin an yi masa kwaskwarima kafin bugawa. Ni dai bayanin balan-balan ya fi kwanta mini, tunda ko tarkacen jirgi ɗaya ba a tsinta ba.