Wa ya tuna ranar da ya fara kallon Agneepath?

Ɗan Fagge:
Salam 'yan uwa, jiya na sake kallon fim ɗin Indiya Agneepath na Amitabh, wato na 1990 ba sabon na Hrithik na 2012 ba, wallahi sai ya tuno min wani dare a gidan kawuna, kaset ne na haya muna zube a tabarma mu kusan goma sha biyar, ba mai jin Indiyanci sai yayanmu ɗaya shi ke mana bayani. Abin da ya tsaya min a rai har yau shi ne wajen da mutanen ƙauyen Mandwa suka yarda da ƙazafin da aka yi wa Malam Deenanath suka kashe shi da duka, mutumin da ke koyar da 'ya'yansu fa, sannan yaron nan Vijay, wanda Amitabh ya fito a matsayinsa bayan ya girma, ya ɗora gawar babansa a kura yana turawa shi kaɗai, ko mutum ɗaya bai kama masa ba. Shekarata tara lokacin, tuwon dare ma kasa ci na yi. Kowa ya faɗo nasa.

Baban Hanifa:
Kai yaro ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni a silima na gan shi, irin wadda ba rufi, da sanyi, Amitabh na buɗe baki muka ji murya a shaƙe sai 'yan baya suka hau ihu a gyara sauti, ashe da gangan ya yi. A Indiya ma mutane ba su karɓi muryar ba har sai da aka sake ɗaukarta da wadda aka saba, fim ɗin bai yi kasuwa ba da ya fito, amma dai da shi gwamnatinsu ta ba shi lambar gwarzon jarumi na ƙasa. Ni shaƙaƙƙiyar na fi so, mutumin da ya taso da wannan baƙin cikin ai ba zai yi magana garau ba.

Maman Sadiq, Damagaram:
Ku maza faɗan kuke kallo, mu uwar muke kallo. Da Innarmu na gan shi Allah ya jiƙanta, a lokacin wani yayanmu ya shiga harkar da ba a so, yana kawo kuɗi gida tana maida masa ko ƙirgawa ba ta yi. To da aka zo inda uwar Vijay take juya masa baya duk dukiyar da ya tara a Bombay, shi kuma ba abin da yake nema irin ta kalle shi da ido mai kyau, sai na ga Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta tashi ba har ƙarshe inda ya cika a kan cinyar uwarsa, sannan ta miƙe ta yi alwala, ba ta ce wa kowa komai ba. Ban ƙara kallonsa ba tun ranar.

Ɗan Fagge:
Allah ya jiƙan Inna, Anti. Allah ya sa yayan naku ya dawo hanya.

Maman Sadiq, Damagaram:
Amin ƙanina, ya dawo alhamdulillah, amma bayan rasuwarta ne.

Autan Hajiya:
Ni gaskiya na 2012 na fara gani, fassarar Hausa a waya, Sanjay Dutt da ƙwalkwal ɗin kansa ya tsorata ni ba kaɗan ba, sai babanmu ya ce in nemo tsohon in ga Kancha, wato mugun fim ɗin, na asali. Danny Denzongpa ne cikin kwat tsaf-tsaf, ba hayaniya, shi ya fi ban tsoro. Kuma na ji haushin cire Mithun mai saida kwakwa a sabon, shi ne fa ya tsinci Vijay jina-jina ya kai shi asibiti.

Baban Hanifa:
Ka ga waƙen da malamin ke karanta wa ɗansa, wanda fim ɗin ya ci sunansa? Mahaifin Amitabh na gaske, Harivansh Rai Bachchan, shi ya rubuta shi. Auta ka koma ka saurari wajen da kyau, ko ba ka jin yaren.