Ina ake samun sabon bugu na tsofaffin littattafan Hausa da na tarihi?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman taimako, ina rubuta kundin digirina ne a kan tarihin Kano kuma malamina ya ce lallai sai na duba Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da kuma Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, sannan ƙamus ɗin Bargery na Hausa da Turanci ma ina so in mallaki nawa. Na zaga shagunan littattafai a Sabon Gari har ƙafata ta gaji, duk wanda na tambaya sai ya miƙo min Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja ya ce iyakar abin da ke akwai ke nan. Wai an daina sake buga irin waɗannan ne, ko ni ne ban san wajen da zan nema ba? Na laburare ba sa bari a fita da shi, ni kuma ina son wanda zan riƙa ja wa layi a gida.

Mai Shagon Littafi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni sana'ata ce wannan, bari in gaya maka yadda abin yake. Littafi ba ya komawa inji sai in akwai masu saye, shi ya sa za ka ga Magana Jari Ce, Ruwan Bagaja, Shaihu Umar, Ganɗoki, Jiki Magayi, Iliya Ɗan Maiƙarfi duk ba sa yankewa a kasuwa, saboda makarantu na sa su a manhaja, yara na karanta su don jarrabawa, iyaye ma na saye don tuna ƙuruciya. Amma littafin tarihi irin wanda kake nema wa zai saya? Daga ku 'yan jami'a sai ɗaiɗaikun dattawa, sai ka ajiye kwafi biyar su shekara suna shan ƙura, to wane ɗan kasuwa zai zuba kuɗinsa a nan ga takarda ta yi tsada.

Shawarata ka nufi Zariya. Yawancin littattafan nan can aka haife su, daga Hukumar Talifi zuwa Gaskiya Corporation da aka kafa 1945, zuwa NORLA (hukumar adabi ta tsohuwar Jihar Arewa), zuwa kamfanin NNPC na buga littattafai (ba na mai ba fa) wanda ya gaje su tun 1966. Labarun Hausawa ɗin nan tun farkon shekarun 1930 ya fito, littafi na ɗaya da na biyu, NNPC ta sake buga shi a shekarun 1970, wannan bugun ne ake cin karo da shi a hannun masu tsofaffin littattafai. Kar ka raina masu shimfiɗa littafi a ƙasa bakin jami'a, in wani malami ya rasu iyalansa suka fitar da kayansa wajensu suke zuwa. Ka bar musu sunan littafin a rubuce da lambarka.

Kuma ka yi hattara da bugun ɓarayi. Bango fes kamar na gaske, amma ka buɗe ciki ka ga rubutu ya yi dishi-dishi, hotunan sun zama baƙi ƙirin, wani shafin an maimaita wani babu shi sam. Kafin ka biya ka ƙirga shafuka na tsakiya, ka ja bangon a hankali ka ga ko gam ne kawai ya riƙe shi.

Tsohon Malami:
Ɗana, abin da mai shago ya faɗa gaskiya ne, sai dai ni ban yarda a ɗora wa kasuwa laifin duka ba. Jami'o'inmu na da maɗaba'a, aikinsu ne su raya irin waɗannan ko da ba riba. Ai an taɓa yi. Ƙamus ɗin Bargery da kake nema 1934 ya fito a Ingila, ya ɓace shekara da shekaru, sai ABU Press ta sake buga shi 1993 da ƙarin kalmomi na Neil Skinner a ƙarshe, kuma wannan bugun shi ya fi maka amfani. Turawa ma haka suka yi da nasu, kamfanin Frank Cass a Landan ya sake fitar da tafiye-tafiyen Barth, Bajamushen da ya zaga ƙasar Hausa, a 1965 da Sudanese Memoirs na Palmer a 1967, ba don haka ba da yawancin laburarenmu ba su da su. Abin yana ci min rai wallahi, a ce yaro ɗan Kano yana neman tarihin Kano da Hausa yana yawo kamar mai neman bashi.

Abu ɗaya da nake so ka kiyaye tunda kundi kake rubutawa: in ka samu sabon bugu ka juya bayan shafin farko ka ga shekarar bugun farko da ta wanda ke hannunka, ka rubuta duka biyun. Wani lokaci hoton tsohon kawai ake ɗauka, shafuka ba sa canzawa, wani lokaci kuma sake tsara shi ake yi, lambar shafi ta gusa, har ƙa'idar rubutu a gyara. In ka ce shafi kaza malaminka ya duba nasa bai gani ba, kai za a tuhuma. Kano ta Dabo Cigari na 1958 ne, zamanin NORLA, to ka lura da wanne ka samu.

'Yar Zazzau:
Baba Allah ya ƙara lafiya, wannan bayani ya yi. Ni dai abin da zan ƙara, kafin ka kashe kuɗin mota ka fara duba intanet. Bargery yana nan onlayin kyauta, kana rubuta kalma zai fito maka da ma'ana. Archive.org kuma akwai tsofaffin littattafai da yawa na zamanin Turawa, ka gwada sunan marubuci da sunan littafin daban-daban don wani lokaci rubutun sunan ba irin namu na yanzu ba ne, misali na Frank Edgar na 1911 "Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa" aka rubuta, t ɗaya. In ka samu sai ka kai kafe su buga maka su ɗinke. In bai samu ba ga Arewa House a Kaduna, ga laburaren Kashim Ibrahim a ABU, a Kano ma ai kuna da Gidan Ɗan Hausa, ka je da takardar gabatarwa daga sashenku ka tambayi ƙa'idarsu ta ɗaukar hoto ko fotokwafi.

Ɗalibin Tarihi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara girma Baba. Gobe in sha Allah zan fara da Gidan Ɗan Hausa tunda yana kusa, Zariya kuma sai ƙarshen wata in kuɗi sun shigo. Yaya mai shago dan Allah in na 1993 ɗin nan ya faɗo hannunka, ko bangon ya yage ka riƙe min.