Neman shawara: PhD a lissafin aiki da na kwamfuta, ta ina zan fara?

Dalibin_Lissafi ya rubuta:

Slm 'yan'uwa, don Allah waɗanda suka bi hanyar nan su taimaka min da shawara. Na gama mastas a lissafi, tesis ɗina a kan PDE ne, wato ikweshin da ke bayyana yadda abu ke canzawa a fili da lokaci, amma na takarda zalla, tiyorem da hujja, kod kuwa ban wuce ɗan MATLAB da muka taɓa a kwas guda ba. Yanzu hankalina ya koma kan digirin digirgir a ɓangaren lissafin aiki da na kwamfuta, irin wanda ake hasashen yanayi da shi ko a gano yadda cuta ke yaɗuwa ko yadda iska ke bin fiffiken jirgi, saboda gsky ina son in ga abin da na rubuta ya yi amfani a zahiri. To sai wani ya ce min in dai ban ƙware a firogramin ba kar ma in wahalar da kaina da cika fom, wani kuma ya ce wai fannin na waɗanda lissafi zalla ya gagara ne, ni kuma maganganun nan biyu sun tsaya min a rai. Sannan ga batun inda za a je, ance a Amurka sai an yi shekara biyar zuwa shida, a Turai uku zuwa huɗu, shin bambancin na mene ne? Ngd.

Malama_Numerikal ta rubuta:

Wslm ƙanena. Wanda ya ce maka fannin na waɗanda lissafi ya gagara ne bai taɓa buɗe littafin numerikal analisis ba, wannan kawai zan ce a kansa. Ni a fannin na yi nawa PhD ɗin kuma rabin tesis ɗina hujjoji ne. Ka gane, kwamfuta ba ta warware PDE, abin da take yi shi ne ta yanyanka fili da lokaci zuwa ɗigo-ɗigo ta ba ka lambobi, kuma za ta ba ka lambobin ko daidai ne ko shirme ne, ba ruwanta. Aikin mai PhD shi ne ya nuna dalilin da zai sa a yarda da lambobin nan, wato in an ƙara matse ɗigon amsar za ta kusanci ta gaskiya kuwa, kuma da wane sauri, kuma ɗan kuskuren da ya shiga a farko zai mutu ne ko zai yi ta hayayyafa. Ba ka iya amsa wannan sai da analisis ɗin da ka riga ka sha wahalarsa a mastas. Courant da Friedrichs da Lewy sun fitar da sharaɗinsu na CFL, mai iyakance girman takun lokaci, tun 1928, lokacin babu kwamfutar lantarki ko ɗaya a duniya, tiyorem ɗin Lax da Richtmyer kuma na 1956 shi ya ɗaure maganar cewa a matsalolin liniya in tsarinka ya dace da ikweshin ɗin, to stabiliti, wato kar kuskure ya yi ta hayayyafa, shi ne sharaɗin kaiwa ga amsa.

Tunda gani ya kori ji, ga aikin da zan ba ka a satin nan. Ka sauke Python, kyauta ne, ka ɗauki ikweshin ɗin zafi mafi sauƙi, sandar ƙarfe guda da aka ɗumama tsakiyarta, ka rubuta tsarin nan na kai tsaye wanda kowane taku ake lissafa shi daga na baya, layi ashirin ma ya isa. Ka sa takun lokaci ya zama 0.4 sau dx², dx kuwa ita ce tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo, za ka ga zanen yana kwantawa a hankali yadda zafi ke bazuwa. Sai ka mai da shi 0.6 kawai ka sake gudu. Da farko ba za ka ga komai ba, can sai layin ya fara fitar da ƙananan haƙora sama da ƙasa, haƙoran su yi ta girma, kafin ka ankara lambobi sun kai biliyoyi allo ya cika da NaN, alamar lissafin ya fashe. Iyakar ita ce 0.5, kuma kai da biro da takarda za ka iya fitar da ita da Fourier cikin rabin shafi. Bayan nan ka koma 0.4 ka raba dx biyu ka duba ko kuskuren ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. In ka ji wannan abin ya hana ka tashi daga kujera to fannin naka ne, in kuma ka ji ya gundure ka gara ka sani tun yanzu.

Injiniya_FEM ya rubuta:

Na yarda da Malama a kan analisis amma ina ganin ta sassauta maka da yawa a batun kod, yi haƙuri Malama. Layi ashirin na Python daban, kod ɗin bincike mai layi dubbai da zai kwana uku yana gudu a kan kulasta, wato tarin kwamfutoci, daban. Na ga masu kaifin kai da yawa da suka maƙale shekara guda cur ba don lissafin ya gagare su ba, sai don ba su iya bin diddigin kuskure a cikin kod ba, ba su san git da ake bin sauye-sauyen kod da shi ba, ba su saba da Linux ba, in sakamako ya canza ba za su iya faɗa maka abin da suka taɓa jiya ba.

Kuma ka riƙe liniya aljebra da hannu biyu, don ko wace matsala ka ɗauko a ƙarshe Ax = b za ta zama. Misali raga, wato filin da aka yanyanka, mai ɗigo miliyan ɗaya, wadda a aikinmu ba wata babba ba ce, in ka ce za ka ajiye matiris ɗinta gaba ɗaya, miliyan sau miliyan sau bayit 8, terabayit 8 kenan, ko ajiyewa ba za ka iya ba balle ka yi mata hanyar Gauss da aikinta ke hawa kamar n³. Shi ya sa ake cin moriyar cewa kusan duk matiris ɗin sifili ne, a yi amfani da hanyoyin maimaitawa irin konjuget giradiyent da Hestenes da Stiefel suka fitar a 1952, har yau ana cin abincinta. Haka FFT, hanyar lissafin Fourier cikin sauri, ta Cooley da Tukey ta 1965 ta sauko da aiki daga n² zuwa n log n. Irin wannan shi ne fannin, dabara ɗaya ta fi sayen sabuwar kwamfuta sau dubu.

Abin da ya sa nake zafi a kai shi ne kuskuren nan ba a allo yake tsayawa ba. A watan Agusta na 1991 gindin kankare na dandalin mai na Sleipner A ya nutse a Norway lokacin gwaji, da aka bincika sai aka ga lissafin da aka yi da FEM, hanyar yanyanka gini zuwa ƙananan guntaye a lissafa, ya ƙiyasta ƙarfin da ke kan wasu bangaye ƙasa da na gaskiya da kusan kashi 47 cikin 100, ragar ce ba ta yi kyau a wurin ba. A shekarar dai, a Dhahran ta Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta kasa tare makami mai linzami na Scud sojoji 28 suka mutu, dalili kuwa kwamfuta ba ta iya ajiye 0.1 daidai a bainari, ɗan guntun da ake yankewa ya taru cikin awa wajen 100 ya zama kusan sulusin daƙiƙa. Don haka ɗan'uwa ka koyi Python da kyau, daga baya ka ƙara C++ ko Julia, kuma kar ka raina Fortran don LAPACK, kundin kod na liniya aljebra da ke ƙarƙashin MATLAB da NumPy, da ita aka rubuta shi. Ba sai ka ƙware kafin ka nema ba, wannan kam mutumin bai faɗi daidai ba, amma ka sa ɗan aiki ɗaya mai tsafta a GitHub yadda mai duba fom zai ga ka fara.

Yar_Shekara_Hudu ta rubuta:

Yaya bari in amsa maka ta ɓangaren Amurka da Turai tunda ina cikin abin yanzu. Bambancin shekarun ba wai wani ya fi wani wahala ba ne. A Amurka galibi shekara ɗaya zuwa biyu na farko kwasa-kwasai ne, sai jarrabawar kwal, wato ta tantancewa, da ake yi a kan analisis da numerikal da PDE ko firobabiliti, ya danganta da makaranta, sai ka ci sannan ka zauna da sufabaiza sosai, har mai digirin farko ma ana ɗauka. A Ingila da Jamus da Holan kuwa yawanci ana ɗaukarka ne a kan aikin da aka riga aka tsara, a Jamus da Holan ma sau da yawa ma'aikaci kake da albashi, daga watan farko bincike za ka shiga. Kai da kake da giɓi a ɓangaren kwamfuta ni a ganina tsarin da ke da kwas zai fi yi maka, kar shekarun su tsorata ka. In kuma kana son gada tukuna, akwai difloma ta shekara ɗaya a ICTP da ke Trieste a Italiya, cibiyar da Abdus Salam ya kafa a 1964, akwai kuma cibiyar lissafi ta AIMS da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, duk biyun ɗalibansu da yawa daga can suke wucewa PhD.

Kuɗi kuwa, kar ka yarda ka biya daga aljihunka, a wannan fannin wuraren kirki su ke ɗauke maka kuɗin makaranta su ba ka alawus, ko ka koyar ko ka yi aiki a kan kuɗin binciken farfesa. Alawus ɗin na rufin asiri ne kawai, mai iyali ya yi lissafi da kyau kafin ya tashi. Fom na Amurka yawanci a Disamba ko farkon Janairu ake rufewa, wasiƙu uku ake so, kuma wasiƙar malamin da ya san aikinka ciki da waje ta fi ta babban mutum da bai san fuskarka ba.

Amma wlh abin da ya fi komai shi ne sufabaiza. Kowa na hangen Courant a New York ko Princeton ko Caltech ko Oxford, kuma wurare ne masu kyau ba musu, sai dai sunan makaranta ba shi zai karanta maka babi ba. Na fara da wani da in na tura masa rubutu sai ya yi watanni bai buɗe ba, in mun haɗu kuma ya manta abin da muka tsaya a kai, sai da na canza sannan aikina ya motsa. Wadda nake tare da ita yanzu duk sati sai mun tsaya gaban allo, ta ce goge ki sake fitar min da wannan layin, kuma a nan nake gano inda hujjata ke yoyo. Kafin ka amsa wa kowa ka shiga arXiv, shafin da ake saka takardun bincike, ka ga ko yana fitar da aiki tare da ɗalibansa a 'yan shekarun nan, ka rubuta wa ɗalibansa biyu ka tambaye su sau nawa suke ganinsa, kuma waɗanda suka gama ina suke. In za ka yi wa farfesa imel ka karanta takardarsa ɗaya tukuna ka yi masa tambaya ta gaske a kanta, imel ɗin da aka kwafa wa mutum hamsin suna gane shi daga layin farko. Sannan ka sa a ranka akwai lokacin da za ka yi wata da watanni abu bai fito ba, kowa yana shiga wannan, ka nemi abokan da za ku riƙa karatu tare.

Dalibin_Lissafi ya rubuta:

Kai, Allah ya saka da alheri, hankalina ya kwanta sosai. Malama na gwada aikin, haƙoran sun fito a 0.6 kamar yadda kika ce, yanzu ina kan fitar da 0.5 ɗin a takarda. Saura tambaya ɗaya, ganin yadda kowa ya koma AI, anya nan da shekara shida ba za a ce waɗannan hanyoyin sun tsufa ba? Ko in karkata can tun yanzu?

Malama_Numerikal ta rubuta:

Madalla ƙanena, haka ake so. Injiniya na karɓi gyaranka a kan kod, gaskiya ka faɗa.

Batun AI kuma, horar da waɗannan manyan model ɗin ai oftimaizeshin ne da liniya aljebra da firobabiliti, duk kayan gidanmu ne, shi ya sa kamfanoni ke ɗibar 'yan fannin. Tun takardar Raissi da Perdikaris da Karniadakis ta 2019 mutane da yawa ke gwada warware PDE da nural netwok, kuma a matsaloli masu fuskoki da yawa inda raga ba ta yiwuwa akwai alamun nasara, amma a matsalolin injiniya na yau da kullum FEM na nan daram, don ita tana zuwa da tiyorem da ke faɗa maka girman kuskurenka, netwok kuwa har yanzu ana neman irin wannan tabbacin. Wannan giɓin kansa tesis ne ga mai irin tushenka. Ko hasashen yanayi da ka ambata, Richardson ya gwada da hannu ya buga a 1922, lissafinsa ya ce matsin iska zai canza da milibar 145 cikin awa shida, abin da bai faru ba, matsalar daga bayanan farko ne da ba a tace ba, sai a 1950 Charney da Fjørtoft da von Neumann suka yi nasara a kan kwamfutar ENIAC. Model ɗin AI na yanayi da ake yabo yanzu kuma da bayanan da lissafin gargajiya ya haɗa aka horar da su, kuma galibi da su suke fara hasashe. Don haka a takardar bayanin manufarka ka rubuta numerikal PDE a matsayin tushe, ka ambaci sha'awar koyon na'ura a kai, ka nemi sashen da ke da malamai aƙalla biyu ko uku da za ka iya aiki da su ko da na farko bai yi ba. In ka gama da 0.5 ɗin ka gwada tsarin Crank da Nicolson na 1947 a kan sandar nan, ka sa takun lokaci babba ka turo mana zanen mu gani.