Muhawara: Ya dace Kotun ECOWAS ta saurari wanda bai gama da kotunan ƙasarsa ba?

Baba Alƙali: Salamu alaikum. A ganina Kotun ECOWAS da ke Abuja ta wangale ƙofarta fiye da kima. Tun gyaran da aka yi wa yarjejeniyarta a 2005, duk wanda ya ce an tauye masa haƙƙi yana iya maka gwamnatinsa a can kai tsaye, ko da bai taɓa taka kotun ƙasarsa ba. Sharaɗi biyu aka gindaya masa: kada ya ɓoye sunansa, kada kuma maganar ta kasance tana gaban wata kotun ƙasa da ƙasa. A Turai kuwa, kotun haƙƙin ɗan Adam ta Strasbourg ba za ta saurare ka ba sai ka ɗaukaka ƙara a gida har ƙarshe, sannan ka kai kukanka cikin wata huɗu. Da wata shida ne, aka rage a 2022. Hikimar ita ce a ba ƙasa dama ta gyara ɓarnarta da kanta. Alƙalin gida shi ya ga shaidu, shi ya san dokar wurin.

Barista: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Hikimar tana da kyau inda kotun gida take aiki. Mu ɗauki Hadijatou Mani ta Nijar. Tana shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a kan sefa 240,000, ta zama wahaya, wato baiwa ƙwarƙwara, a gidan wani mutum. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ai matarsa ce, babu inda za ta. Ta je kotun Birnin Ƙonni, magana ta yi ta kai da komo, da ta auri wanda take so sai aka yanke mata wata shida a kurkuku wai ta yi aure kan aure. Da ta kai ƙara Kotun ECOWAS, abin da lauyoyin gwamnatin Nijar suka fara cewa shi ne abin da ka faɗa yanzu, wai ba ta gama da kotunan gida ba. Kotu ta yi watsi da wannan, kuma ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce Nijar ta kasa kare ta daga bauta, a biya ta sefa miliyan 10. Baba, da an ce ta koma ta jira, wa za ta jira? Waɗanda suka ɗaure ta?

Ɗalibar Shari'a: Barista, a yi mini haƙuri in sa baki. Ai sharaɗin da Baba yake magana ba kurma ba ne. Sashe na 56 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam ya ce a gama da hanyoyin gida, sai fa in ya bayyana ana jan ƙafa ba gaira ba dalili. Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta ƙara fayyace shi a shari'ar Jawara da Gambiya a 2000: dole hanyar ta kasance akwai ta, tana aiki, kuma tana iya share hawaye. Da wannan ne iyalan Norbert Zongo, ɗan jaridar Burkina Faso da aka kashe a Disamba 1998, suka samu shiga Kotun Afirka da ke Arusha, suka yi nasara a 2014. Me zai hana ECOWAS ta bi wannan tsaka-tsakin?

Ɗan Jarida: Ƙanwata, lissafa shekarun da kika ambata. Daga 1998 zuwa 2014, shekara 16. Kafin ka gamsar da alƙali cewa an ja ƙafa, sai ka fara zama an ja maka ƙafar. Ebrima Manneh, ɗan jaridar Gambiya, an ɗauke shi a Yuli 2006, ba a sake ganinsa ba, gwamnatin Yahya Jammeh ta ce ba ya hannunta. Kotun ECOWAS ta yanke wa Gambiya hukunci a 2008. Kun san wanda ya nemi a ƙara wa kotun sharaɗin gama da kotunan gida a 2009? Gwamnatin Jammeh ce. Sauran ƙasashe suka ƙi. Wannan kaɗai ya isa ya sa ni ɗar-ɗar da shawarar.

Baba Alƙali: Don mugu ya nemi abu ba shi ke sa abin ya zama mugu ba, ɗana. Damuwata ita ce ɗorewar kotun. A Oktoba 2016 ta ce a saki Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, ba a sake shi ba sai Disamba 2019. A Disamba 2023 ta ce a saki Mohamed Bazoum, ba a kula ta ba. Kotun da gwamnatoci ke ganin tana tsallake alƙalansu, za su daina jin maganarta. Kun ga yadda aka yi da kotun SADC, ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka, bayan ta yanke wa Zimbabwe hukunci kan gonaki a 2008: aka dakatar da ita a 2010, a 2014 aka rubuta sabuwar yarjejeniya wadda ta cire ɗaiɗaikun mutane gaba ɗaya.

Barista: Allah ya ƙara girma, misalanka ni suke goya wa baya. Kotun SADC tana da sharaɗin gama da kotunan gida, bai cece ta ba. Kotun Arusha ma tana da shi, ga kuma wani shingen a gaba: mutum ba ya shigar da ƙasa ƙara sai ƙasar ta ajiye takardar amincewa ƙarƙashin sashe na 34(6) na yarjejeniyar kafa kotun. Duk da haka Ruwanda ta janye tata a 2016, Tanzaniya mai masaukin kotun a 2019, Benin da Kwadebuwa a 2020. Abin da ke ɓata musu rai hukuncin ne, ba hanyar da aka bi aka shigo ba. Dasuki kuwa kotunan Najeriya sun sha ba shi beli kafin ECOWAS ta yi magana, su ma ba a bi umarninsu ba. Wace hanyar gida ta rage masa?

Ɗalibar Shari'a: To ɗan Najeriya fa, yana iya zuwa Arusha?

Barista: Ba kai tsaye ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar kafa kotun, amma ba ta ajiye waccan takarda ba. Lauya Femi Falana ya ƙalubalanci sashen kansa, kotu ta ce a 2012 ba ta da hurumi. Sai dai ka bi ta Hukumar Banjul, ita kuma shawara take bayarwa. Abuja ce kaɗai kotun yanki da talakan Najeriya zai iya shiga da ƙafarsa, shi ya sa nake kishin ƙofar nan.

Baba Alƙali: Na karɓi maganar Dasuki, inda aka ƙi bin kotun gida babu abin jira. Amma ban sauka daga kan sauran ba. Wanda ƙararsa ke tafiya lafiya a babbar kotu, ya ga alamar zai faɗi, ya ruga Abuja, wannan bai kamata a saurare shi ba.

Ɗan Jarida: Baba, ni abin da ke hana ni sukuni dabam ne. Tun 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Yarinyar da aka yi wa abin da aka yi wa Hadijatou a bana, ba ta da Abuja. Nijar ta ajiye takardar Arusha a 2021, to amma can sai ta fara bin kotunan gida ɗaya bayan ɗaya, ko ta kawo hujjar cewa ba sa aiki. Barista, wa zai tsaya mata tsawon wannan tafiya?