Tsohon saunkad ya ƙi sabuwar kwamfuta

Mai Studiyo Ringim: Salamu alaikum jama'ar zaure. Saunkad ɗina, wato na'urar da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta, mai ƙofar makirfo takwas ne, irin wanda ake haɗawa da wayar FireWire ba USB ba, ɗan Beljiyam. Da Windows 7 yake aiki a tsohuwar laftof. Yanzu an sayo destof mai Windows 11, ko ramin da zan soka shi babu. Ga saukar Islamiyya saura mako uku, kuma ni zan ɗauki waƙen yaran. An ce akwai wayar da ke mayar da FireWire zuwa USB. In saya?

Ɗan Kazaure: Wa alaikumus salam. Kada ka saya, asarar kuɗi ce.

Injiniya Gwarzo: Malam, wannan wayar ba ta aiki, kuma ba maganar jabu ko ta gaske ba ce. USB da FireWire kowanne da yarensa, kowanne da nasa cif ɗin da ke sarrafa shi a cikin kwamfuta. Ita wayar, bakin sokawa kawai ta sauya, ba ta fassara komai.

Tunda destof ce ka yi sa'a. Katin FireWire za ka nema, irin wanda ake sokawa a ramin PCIe na madabod, wato ramin ƙarin kati a babban allon cikin kwamfuta. Ka nemi mai cif ɗin Texas Instruments, wanda aka fi yabo shi ne XIO2213B. Kada ka dogara da rubutun kwali, ka sa mai shago ya fito da katin, ka haska fitilar waya a kan baƙin cif ɗin da ke tsakiya ka karanta da idonka. Masu cif ɗin VIA wani lokaci suna tafiya lafiya, wani lokaci kana tsakiyar ɗauka sauti ya dinga ƙas-ƙas ko saunkad ɗin ya ɓace gaba ɗaya. Sannan ka ƙirga fil ɗin ramin da ke bayan saunkad ɗinka: shida ko huɗu FireWire 400 ke nan, tara kuma 800. In katin mai tara ne, naka mai shida, akwai waya mai tara a kai ɗaya, shida a ɗaya kan, kuma ita tana aiki domin yarensu ɗaya.

Babbar ɓarnar da ake yi ita ce soka waya mai fil shida alhali komai na kunne. Biyu daga cikin fil ɗin wuta suke ɗauka. In bakin ya tsufa ya yi sako-sako, ko aka tura shi a karkace, wutar sai ta taɓa layin saƙo ta ƙona cif ɗin saunkad ɗin. Fitilu za su ci gaba da kamawa, makirfo ma yana motsa mita, amma kwamfuta ba za ta sake ganin sa ba. A kashe duka biyun, a haɗa waya, a kunna saunkad, sannan kwamfuta.

Baba Mai Lasifika Bichi: Allah ya saka, Injiniya. Wannan ta fil shida ta ci injina da yawa a garin nan.

Mai Studiyo Ringim: Na gode ranka ya daɗe. Direba fa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane saunkad ɗin? Faifan da ya zo da shi tun zamanin XP ne.

Injiniya Gwarzo: Ajiye faifan nan. Windows 11 ba shi da 32-bit sam, direban 32-bit kuwa ba ya hawa 64-bit ko me za ka yi masa. Je shafin kamfanin ka sauko da direba na ƙarshe da suka fitar na 64-bit, ko na Windows 8 ne. Danna dama a kan fayil ɗin, Properties, Compatibility, ka zaɓi Windows ɗin da aka yi shi dominsa, ka girka da Run as administrator. Duk wannan kafin ka haɗa saunkad ɗin.

In ya girku amma sauti na yankewa, saura direban katin kansa. Windows 7 yana zuwa da wani mai suna 1394 OHCI Compliant Host Controller Legacy, daga Windows 8 aka daina sa shi, sai Microsoft ta fitar da shi daban, lambarsa KB2970191. Bayan ka girka shi ka shiga Device Manager, ka nemo IEEE 1394, Update driver, ka ce kai za ka zaɓa daga jeri, ka ɗauki mai Legacy a ƙarshen sunansa.

Ɗan Kazaure: Ka manta da Memory integrity, Injiniya. Windows Security, Device security, Core isolation. In yana kunne tsofaffin direbobi da yawa ba sa tashi, sai alamar ɗorawa a Device Manager. Kashe shi ka sake kunna kwamfutar. Amma ka san ka rage mata tsaro, kada ta zama ta tura wa 'yan unguwa fim a filas.

Auta Wudil: Wato Windows 11 ya zama KAROTA ke nan, direba ba lasin ba ya wucewa 😂

Ɗan Kazaure: Ai akwai ɓarauniyar hanya. Riƙe Shift ka danna Restart, Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, sai lamba 7, mai dakatar da binciken sa hannun direba. Sai dai da ka sake kunnawa an dawo da shingen, in direban ba shi da sa hannu kwata-kwata kullum sai ka maimaita.

Auta Wudil: Ku 'yan Jigawa tun 1991 kuka ware, amma ko wayar caja sai kun zo Farm Centre.

Mai Studiyo Ringim: Auta, za ka zo neman kifin Haɗeja, ina nan.

Hajiya Mai Talla Dutse: Ni ban ga dalilin wannan wahalar ba saura mako uku. In tsohuwar laftof ɗin na tashi, a bar ta da Windows 7 ɗinta, a raba ta da intanet, a yi ɗauka da ita, a kwashe fayilolin WAV zuwa sabuwar a yi miksin. Gwajin kati da direba a bari sai bayan sauka.

Na biyu, duba bayan saunkad ɗin ko akwai ɗan rami mai murabba'i da aka rubuta ADAT OUT. Da yawa daga masu ƙofa takwas suna iya aiki su kaɗai ba kwamfuta. Sai ka samu ƙaramin na USB mai ADAT IN, ka haɗa su da wayar haske, layi takwas za su wuce a 44.1 ko 48 kHz, a 96 kuma su koma huɗu. Ɗaya ne zai riƙe agogon da ke daidaita tafiyar sautin, ɗayan ya bi shi, in ba haka ba za ka ji tas-tas a cikin sauti. Saitin nan a tsohuwar laftof za ka yi shi ka adana a cikin saunkad ɗin, don haka kada ka sayar da ita tukuna.

Injiniya Gwarzo: Maganar Hajiya ita ce daidai ga mai gaggawa.

Yaro Mai Bit Rano: ASIO4ALL, direban sautin nan na gama-gari, kawai ka sa yaya, an gama.

Ɗan Kazaure: Ƙanina, ASIO4ALL ba ya ƙirƙiro direba, wanda Windows ya riga ya gani yake hawa kai. Abin da ba ya cikin Device Manager me zai kama? Ku 'yan manhajar kiɗa ta FL Studio komai ASIO4ALL.

Yaro Mai Bit Rano: Ku kuma 'yan manhajar Cubase 5 har yanzu kuna 2009.

Mai Zaure: A koma kan tambaya don Allah. Rigimar Cubase da FL an yi ta sau uku a watan nan.

Malam na Birnin Kudu: In ara zauren kaɗan. Saunkad ɗina na USB ne tsoho, ina ɗaukar tafsiri da shi, a sabuwar laftof yana haɗuwa yana sakewa.

Injiniya Gwarzo: Allah ya gafarta Malam, guji rami mai shuɗin harshe, na USB 3 ne, wasu tsofaffin ba sa jituwa da shi. In duk irinsa ne, sa hob na USB 2.0 mai nasa adafta a tsakani. A Power Options kashe USB selective suspend. Bafa, wato Buffer size a saitin sautin, ka kai shi 512, karatu ba ya bukatar ƙasa da haka. In kana jin "zzz" idan caja na jiki, zare ta ka ɗauka da batir.

Baba Mai Lasifika Bichi: Kuma ku riƙa karanta jikin adafta. Kayan Amurka wasu 120V kaɗai suke ci, wutarmu 230. In ba a rubuta 100-240V ba, sai da taransifoma mai rage wuta. Ƙaramin janareta kai tsaye kuwa kada a fara, gara inbata.

Mai Studiyo Ringim: Na buɗe destof ɗin yanzu. Siririya ce, rami ɗaya ne dogo, babu gajeren.

Injiniya Gwarzo: Ba komai, katin x1 mai gajeren baki yana zama a dogon ramin x16 ya yi aiki. Sai dai ka ce a ba ka mai gajeren ƙarfen baya, dogon ba zai bari murfi ya rufe ba. Turo hoton bayan saunkad ɗin mu ga ko akwai ADAT.

Auta Wudil: Wa zai shiga titin Beirut ranar Asabar? Ina da saƙon wayar makirfo guda biyu.